Friedrich Sertürner: Mai Harhaɗa Magungunan da Ya Gano Mofin

Idan an taɓa yi maka tiyata, ko ka yi jinyar mai ciwon daji, ko mai sikila a lokacin da ciwonsa ya tashi, wataƙila ka ji ana ambaton allurar mofin. Har yau tana cikin manyan magungunan da muke dogara da su wajen kwantar da matsanancin zogi. Wanda ya fara tace wannan magani ba likita ba ne. Matashi ne mai aikin harhaɗa magunguna a ƙasar Jamus, kuma rayuwarsa za ta nuna maka dalilin da ya sa ma'aikacin famasi yake tsananta wa a kan adadin maganin da za ka sha.

Tasowarsa

An haifi Friedrich Sertürner a shekarar 1783 a garin Neuhaus, kusa da Paderborn. Mahaifinsa ya rasu yana matashi, don haka bai sami damar shiga jami'a ba. Yana ɗan shekara 16 ya shiga koyon aiki a wani shagon harhaɗa magunguna a Paderborn.

A wancan zamani babban maganin zogi shi ne ofiyom, wato busasshen ƙaron da ake tatsa daga tsiron fofi. Matsalarsa ita ce ƙarfinsa ba ɗaya ba ne. Abin da aka auna daga wannan ƙulli zai iya kasa rage wa majinyaci ciwo, amma daidai wannan awo daga wani ƙullin ya sa shi barcin da ba zai farka ba. Likita yana rubutawa, mai haɗa magani yana aunawa, amma babu wanda ya san haƙiƙanin abin da ya shiga cikin majinyaci.

Abin da ya gano

Sertürner ya yi tunanin cewa akwai wani sinadari a cikin ofiyom da ke yin wannan aiki, kuma idan aka ware shi za a iya auna shi daidai. Wajajen 1804 ya yi nasarar tace shi, ya jarraba a kan karnuka, ya wallafa sakamakon. Masana ba su kula ba. Ya koma aiki a garin Einbeck a 1806, ya ci gaba da bincike, ya raɗa wa sinadarin suna daga Mofiyos, gunkin mafarki na tsofaffin Girkawa, saboda barcin da yake sawa.

Domin ya san adadin da jikin mutum zai ɗauka, sai shi da wasu samari uku suka sha. Kowannensu ya sha kimanin miligiram 30 har sau uku cikin ƙasa da awa ɗaya, adadin da ya zarce abin da ake ba wanda jikinsa bai saba ba. Jiri da barci mai nauyi suka rufe su, suka kusa halaka. Da ƙyar ya sha ruwan khal, ya ba sauran, suka yi ta amai. Irin wannan gwaji a kan yara haramun ne a ƙa'idar bincike ta yau, kuma jawo amai ba shi ne maganin wanda ya sha mofin fiye da kima ba: asibiti ake garzayawa da shi.

Rahotonsa na 1817 ne ya ja hankalin masana, musamman a Faransa. Sauran masu harhaɗa magunguna suka bi sawunsa: a 1820 Pelletier da Caventou suka tace kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sannan a 1832 Robiquet ya ware kodin daga ofiyom. A 1831 Faransa ta ba Sertürner kyautar karramawa. Ya ƙare rayuwarsa yana riƙe da shagon magani a garin Hameln, inda ya rasu a 1841.

Me wannan ya shafe ka?

Aikin da ya fara shi ne ginshiƙin aikin mai harhaɗa magunguna har gobe: sanin abin da ke cikin magani, da ƙarfinsa, da adadin da ya dace da kai. Shi ke duba takardar da likita ya rubuta, ya tabbatar awon ya dace da shekarunka, kuma maganin bai ci karo da wani da kake sha ba. Mu likitoci muna iya kuskure, kuma sau da yawa shi ne ke tare kuskuren kafin ya iso gare ka.

Kodin, da tiramadol wanda ake haɗawa a masana'anta, suna aiki a ƙwaƙwalwa ta hanya irin ta mofin. Suna sa jiki ya kamu da su, kuma idan suka yi yawa suna danne numfashi. Yawan shan maganin tari mai kodin ne ya sa gwamnatin Najeriya ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. Saboda haka idan an ƙi sayar maka da irinsu babu takardar likita, ba wulaƙanci ba ne.

Ka kuma sani ba kowane mai kemis ne ya karanci harhaɗa magunguna a jami'a ba. Idan za ka karɓi magani, nemi ganin ƙwararren, ka gaya masa duk abin da kake sha, har da na gargajiya, da ko akwai juna biyu, shayarwa, ciwon ƙoda ko na hanta. Tambaye shi guda nawa, sau nawa a rana, har kwana nawa. Idan ciwon bai lafa ba, kada ka ƙara da kanka, koma wurinsa ko wurin likitanka.