Ladi Kwali, Maginiyar Da Ta San Halin Wuta

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, duk wanda ya taɓa tasowa daga Garki a Abuja ya kama hanyar Lakwaja zai komo Kudu, to, ya ratsa ta garin Kwali, ko da barci yake yi a mota. Da an wuce Gwagwalada kaɗan sai ga shi. A wannan gari na Gwarawa aka haifi matar nan da aka sa hotonta a bayan takardar naira ashirin cikin 2007. Sunanta Ladi Kwali, an kuwa haife ta wajen 1925, zamanin da ita kanta Garki ƙauyen Gwarawa ce tsakiyar gonaki.

Ba ta yi karatun boko ba. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane wurin wata 'yar'uwar iyayenta, irin ginin da matan ƙasarsu ke yi: a mulmula yumɓu, a ɗora bisa bisa, maginiya tana zagaya tukunyar tana shafe ta da hannu. Tulunanta da randunanta sun fita daban saboda daidaiton jikinsu, da kuma zanen da takan tsaga musu na kunama da ƙadangare da hawainiya da kada da kifi.

Amma fa gini rabin aiki ne. Rabin da ke raba gwana da 'yar koyo shi ne gashi, domin a ranar gashi ne aikin wata guda kan tashi a banza. Ga dalili. Tukunyar da ta bushe a inuwa, ko ta yi ƙarau a hannu, akwai sauran ruwa ɓoye a jikinta. Shi ruwa kuwa taron 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, suna manne da juna suna ta zamewa. In aka sa musu wuta sai motsinsu ya ƙaru, wannan ƙaruwar motsi ita ce ma'aunin zafi ke nunawa. To, da an kai digiri 100 sai wani abin mamaki ya faru. Wuta tana ci, amma zafin ruwan ya tsaya cik, domin duk ƙarfin da ke shiga yana tafiya ne wajen ɓamɓare ƙwayoyin daga juna su zama tururi. Ƙarfin wutar da ake bukata a mai da tafasasshen ruwa tururi ya fi ninki biyar na wanda zai ɗauko shi daga sanyin ƙanƙara ya kai shi ga tafasa. Wani masani ɗan ƙasar Sikotland, Joseph Black, shi ya fara bayyana wannan wajen 1762.

Shi kuma tururi ba ya zama inda ruwa ya zauna, yana neman fili kusan sau 1,700. In wuta ta yi gaggawa bai sami hanyar fita ba, sai ka ji tau, tukunya ta tarwatse, har ta fasa na kusa da ita. Abin da ya sa ke nan maginan gargajiya kan fara ɗumama tukwane a hankali a kan garwashi kafin a lulluɓe su da itace da ciyawa a cinna babbar wuta. Ladi ba ta da ma'auni, amma hannunta da idonta sun san lokacin da tukunya ta gama fitar da guminta.

Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya sayi tukwanenta da dama ya ajiye a gidansa. (Abujar da, watau garin da yanzu ake kira Suleja, wanda ya bar wa sabon birnin tarayya sunansa.) A nan ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su cikin 1950, sa'ad da Gwamnati ta ɗauke shi aikin kyautata sana'ar tukwane. Ya buɗe makarantar koyon gini a garin, cikin 1954 kuma Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko.

A can ta tarar da wata irin wuta. Gashin fili na gida ba ya daɗewa, zafinsa kuma bai kai digiri 1,000 ba. Tanderun Cardew kuwa rufaffe ne, ana yini ana zuba masa itace har zafi ya doshi digiri 1,300. A wannan zafi wani sashe na yumɓun kan narke ya malala cikin 'yan kafofin jikin tukunya, in ya huce ya daskare ya toshe su. Shafen toka da garin dutse da aka yi mata a waje shi ma ya narke, ya zama ƙyalli irin na tangaran. Ladi ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, tana yin kwanoni da butoci, amma manyan tuluna ba ta daina gina su da hannu irin na Kwali ba, sai dai yanzu a tanderu ake gasa su, zanenta yana leƙowa ta ƙarƙashin ƙyalli.

A nan akwai abin da masu yabo kan tsallake. Kowa a cikinmu ya san daɗin ruwan randa da rana tsaka. Sanyin nan daga kafofin yake: ruwa na tsattsafowa waje, iska na kwashe shi, kowane ɗigo da ya tashi kuwa sai ya ɗebi zafi daga ruwan ciki kafin ya iya zama tururi. Ƙa'idar da ke fasa tukunya a wuta, ita ce dai ke sanyaya ruwa a tsakar gida. Tulun da aka toshe wa kafofi ba ya gumi, saboda haka ba ya sanyaya ruwa, ga shi da nauyi, ga tsada. Matar ƙauye ba ta da abin yi da shi. A ganina wutar da ta ɗaukaka sunan Ladi ita ce ta fitar da tulunta daga gindin bishiya ta kai shi ɗakin nuni, ko da yake wannan bai rage kome daga gwanintarta ba.

An nuna aikinta a Landan cikin 1958 da 1959 da 1962. Ta je Ingila da kanta ta yi gini a gaban jama'a, cikin 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew. Ta sami lambar MBE cikin 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta cikin 1977, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba ta lambar NNOM cikin 1980 da ta OON cikin 1981.

Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. Makarantar nan ta Suleja an sa mata sunanta, haka kuma wani titi a Wuse, maƙwabciyar Garki.