Tarihin Fitagoras, masanin da ake danganta ƙa'idar alwatika da sunansa

Duk ɗalibin da ya taɓa zaunawa jarrabawar lissafi ta WAEC ko NECO ya ci karo da sunan Fitagoras, wanda littattafan makaranta ke rubutawa Pythagoras. Da ƙa'idar da ake danganta masa ake gano gefe mafi tsawo na alwatika mai kusurwar digiri 90. Sai dai kaɗan ne suka san irin rayuwar da ya yi, da yadda ta ƙare a gudun hijira.

An haife shi wajen shekara ta 570 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a tsibirin Samos na Girka, daura da gaɓar tekun Turkiyya ta yau. Marubutan dā sun rawaito cewa ya yi tafiyar neman ilimi zuwa Masar da Babila. Wajen shekara ta 530, zamanin mulkin kama-karya na Folikiratis, ya bar mahaifarsa ya koma Kuroton, wani birnin Girkawa a kudancin Italiya.

A can ya tara almajirai, maza da mata, waɗanda suka rayu bisa tsauraran dokoki na cin abinci da kame baki da ɓoye sirrin karatu. Sun yi imani cewa rai yana komawa wani jiki bayan mutuwa, kuma tsarin duniya gaba ɗaya a kan lambobi ya ginu. Daga wannan makaranta aka san cewa daɗin sautin kiɗa yana da alaƙa da awo: idan aka rage tsawon tsirkiya da rabi, sautin farko take maimaitawa, amma da murya mafi tashi.

Ƙa'idar alwatika kuwa mai sauƙi ce. Gefen da ke fuskantar kusurwar digiri 90 shi ne mafi tsawo. Domin a gano shi, sai a ninka kowane ɗaya daga gajerun gefuna biyu da kansa, a haɗa sakamakon, sannan a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimla. Misali, idan tsani ya kai tsayin ƙafa 12 a jikin bango, gindinsa kuma yana nesa da bangon da ƙafa 5, to 144 da 25 sun zama 169, wato 13 sau 13. Tsawon tsanin ƙafa 13 ke nan.

Wannan ƙa'ida ta kuma girgiza aƙidar mabiyansa. Idan gajerun gefunan duk 1 ne, jimlar 2 ce, kuma babu cikakkiyar lamba ko kason lamba bisa lamba da za a ninka da kansa ya ba da 2 daidai. Ana danganta tona wannan asiri da wani mabiyi mai suna Hifasus.

Ƙa'idar ta girmi Fitagoras. Wani allon yumɓu na Babila da ake kira Plimpton 322, wanda ke ajiye a Jami'ar Columbia ta Amurka, yana ɗauke da jerin lambobin da suka dace da ita, kuma an rubuta shi wajen shekara ta 1800 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Malaman Indiya ma sun rubuta ta a littattafan awon wuraren ibadarsu. Hujjar da ta fi shahara kuwa tana cikin littafin Yuklid na birnin Iskandariyya, wanda aka wallafa kimanin shekara 200 bayan mutuwar Fitagoras. Shi kansa bai bar rubutu ko ɗaya ba, kuma manyan littattafan tarihinsa da suka iso mana an rubuta su ne shekaru sama da 700 bayansa.

Siyasa ce ta wargaza makarantar. Mabiyansa sun samu faɗa a ji a mulkin Kuroton, lamarin da ya jawo musu ƙiyayya. Wani mai faɗa a ji da ake kira Kailon, wanda aka ce an hana shi shiga ƙungiyar, ya jagoranci tarzoma a kansu. Fitagoras ya koma birnin Metafontum, inda ya mutu wajen shekara ta 495. Daga baya an ƙona gidajen taron mabiyansa, aka kashe da dama, saura suka watsu da karatunsu zuwa sassan Girka.

A yau babu sauran ƙungiyar, amma ƙa'idar tana aiki a kowane filin gini. Magini da ke fitar da harsashin gida yakan auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗaya igiyar, sannan ya auna tsakaninsu. Idan ya samu 5, kusurwa ta tsaya daidai, sai a fara haƙa.