Niels Finsen: Likitan Da Ya Yi Magani Da Haske

Ɗaliban da ke jin kunyar sakamakonsu na zangon farko, ku matso kusa. Niels Ryberg Finsen, wanda ya ci kyautar Nobel ta likitanci a 1903, shi ma malamansa na sakandare a ƙasar Denmak ba su ga alamar zai yi wani abin kirki ba. Sai da aka ɗauke shi aka mai da shi wata makaranta a Reykjavik ta ƙasar Aisland kafin ya ɗan farfaɗo.

An haife shi ranar 15 ga Disamba, 1860, a Torshavn, cikin tsibiran Faro, inda rana ke yi wa mutane rowa rabin shekara. Ya shiga Jami'ar Kopenhagen a 1882, ya gama karatun likita a 1890. Tun yana ɗalibi wata cuta ta kama shi, ta taɓa masa zuciya da hanta, cikinsa yana tara ruwa. Ɗakinsa ba ya samun rana, sai ya lura in ya fita ya sha hantsi jikinsa yakan yi sauƙi. Daga nan ya dage sai ya gano abin da haske ke yi wa jiki.

A 1893 ya ba da shawarar a riƙa kwantar da masu agana a ɗaki mai jan haske don rage tabo. Amma aikin da ya fito da shi a kan tibi na fata ne, cutar da ke cin hanci da kumatu har mutum ya daina shiga jama'a. Lokacin babu maganin ƙwayoyin cuta, sai yanka da ƙonawa. A 1895 ya gwada a kan Niels Mogensen, wani injiniyan tashar lantarki da ya shekara da shekaru yana fama, cikin 'yan watanni fuskar ta warke.

'Yan sashen lantarki, ku dubi na'urar. Fitila ce mai sandunan gawayi biyu, wuta na tsallakawa tsakaninsu da haske mai kashe ido. Gilasai su tattara hasken wuri ɗaya, ruwa ya tsotse zafin don kada fata ta ƙone, ma'aikaciyar jinya kuma ta danna gilashi a kan miki don ta kori jini, saboda jini na tare haske. Haka za a zauna kamar awa guda, kullum, ana bin fuska kaɗan-kaɗan. Wahala kam akwai ta, amma cibiyar da ya kafa a 1896 ta yi wa ɗaruruwan mutane magani, akasarinsu suka warke.

Abin da ya fi burge ni shi ne binciken da aka yi a Denmak a 2005. Ya nuna wataƙila wani sinadari ne da ke cikin ƙwayar tibin kanta yake shan hasken ya koma guba ya kashe ta. To wannan fa ita ce dabarar da ake bi yau wajen kawar da ɓawon fatar da rana ta lalata, wanda in an bar shi yakan iya zama kansa. A shafa mai, lalatattun ƙwayoyin fata su mai da shi sinadari mai jin haske, a haska jan haske su mutu. Wani lokaci a fara huda 'yan ƙananan ramuka da leza don man ya shiga sosai. 'Yan'uwanmu zabiya, da ranar nan tamu ke gasawa, su ne suka fi buƙatar irin wannan magani.

Ranar bikin Nobel rashin lafiya ta hana shi zuwa, yana kan keken guragu. Ya ba da kaso mai tsoka na kuɗin ga cibiyarsa da wani gidan jinyar masu ciwon zuciya da hanta. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 1904, yana da shekara 43.