Tarihin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499)

Malamanmu na tarihi sun karantar da mu sunan Muhammadu Rumfa tun muna aji uku. Yanzu da yawancinmu ke aikin gwamnati ko kasuwanci, ya dace mu sake duba rayuwar wannan bawan Allah ta fuskar yadda ya tsara gari har arziki ya zauna a cikinsa.

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, kuma shi ne sarki na 20 a jerin sarakunan Kano tun daga Bagauda. Ya hau gadon sarauta a shekarar 1463, ya tarar da birni ya fara cika da baƙi. Tun zamanin Sarki Abdullahi Burja aka buɗe hanyar fatauci daga Borno zuwa Gwanja, raƙuma suka fara shigowa ƙasar Hausa. Ga gishiri daga Asbin, ga goro daga Gwanja, ga fatake na neman masauki, amma jama'a na cunkushe a kewayen Dala.

Ya faɗaɗa ganuwa ta wajen kudu, ya shigar da sabon fili cikin birni, domin wanda ya zo ya sami wurin gini cikin aminci. A wannan fili ya gina sabuwar fada, wato Gidan Rumfa, wadda har yau ita ce fadar Kano. Sannan ya kafa Kasuwar Kurmi kusa da kogin Jakara, tsakanin tsofaffin unguwanni da sabuwar fada. Da haka ɗan gari da baƙo suka sami wuri guda na haɗuwa, masu sana'a kuma suka yi ta zama a kewayen kasuwar. Fiye da shekara 500 ke nan tana ci.

Rumfa ya san gini kaɗai ba ya riƙe bafatake, sai ya tabbata dukiyarsa ba za ta salwanta ba. Saboda haka ya kafa majalisar nan da ake kira Tara ta Kano. Wajen 1492 Shehu Magili, malami daga Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya sauka Kano, ya rubuta masa littafin Tajuddin a kan wajiban sarauta, kamar naɗa ma'aikata amintattu, da tsayar da adalci, da karɓar dukiya ta halal a kashe ta inda ya dace. A zamaninsa ne kuma aka sare bishiyar da ake tsafi a gindinta, aka gina masallaci a wurin.

Ba duk abin da ya sa gaba ya ci nasara ba. Ya yi shekara 11 yana yaƙi da Katsina, ba wanda ya rinjayi wani. Ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi.

Mu mutanen Birnin Gwari mun fi kowa gane dalilin da ya sa ya haɗa ganuwa da kasuwa. Garinmu na kan hanyar Kaduna zuwa Tegina, ga ƙasar noma, ga dajin Kamuku da Gwamnatin Tarayya ta mayar gandun daji na ƙasa a 1999. Amma da 'yan bindiga suka tare hanya, kasuwar kara ta yi shekaru a rufe, sai a ƙarshen 2024 aka sake buɗe ta. Abin da ya kamata ƙungiyarmu ta riƙa tunatar da gwamnatin jiha shi ne a tsare hanya, a gyara kasuwar da ke cikin gari da rumfuna da ruwan sha, a kuma yanka filaye da layuka kafin gidaje su riga tsari.

Allah ya jiƙan Sarki Rumfa, ya saka wa malamanmu da alheri, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.