Simon Flexner: yaron da ya bar makaranta, ya buɗe yaƙi da sanƙarau

Duk shekara, idan hunturu ya ja baya, ƙura ta tashi, zafin bazara ya kunno kai, iyaye a Madawa da Buza da Keita sun san abin da suke tsoro: yaro ya kwana da zazzaɓi da ciwon kai, wuya ya sandare, kafin kwana biyu an rasa shi. Sanƙarau ke nan. Waɗannan gundumomi na jihar Tawa suna cikin zirin ƙasashen da cutar ta fi addaba, daga Senegal har zuwa Habasha. Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka nuna cewa ana iya rage kisan wannan cuta da magani shi ne Simon Flexner, likita ɗan Amurka da ya yi rayuwarsa nesa da ƙasar Adar. Shi ne kuma shugaban farko na cibiyar da a yau ake kira Jami'ar Rockefeller, a birnin Niyok.

Daga kantin magani zuwa ɗakin bincike

An haifi Flexner ranar 25 ga Maris 1863 a Louisville, cikin jihar Kentucky. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Turai, kuma shi ne na huɗu cikin ƴaƴa tara. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da huluna, amma ya karye lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe a 1873. Simon bai yi ƙoƙari a makaranta ba, ya bar ta tun yana yaro, aka kai shi koyon aiki a kantin magani.

Zazzaɓin taifod da ya kwantar da shi yana ɗan shekara 16 ne ya sauya masa hali. Da ya tashi sai ya rungumi karatu. Ya kammala makarantar harhaɗa magunguna ta Louisville a 1882, ya ci gaba da aiki a kantin yayansa Jacob. A nan ya koya wa kansa amfani da madubin likita, yana duba jini da fitsari da likitocin gari ke aiko masa. Ya samu digirin likita a 1889, sannan a 1890 ya tafi Johns Hopkins, a Baltimore, wajen babban malami William Welch, wanda ya zame masa uban gida a fagen ilimi.

A 1893 aka tura shi garin Lonaconing na masu haƙar kwal, inda sanƙarau ya ɓarke. Wannan ne karonsa na farko da cutar. A 1899 ya je Manila, a ƙasar Filifin, ya gano wata ƙwayar cuta mai haddasa atini, wadda har yau ke ɗauke da sunansa: Shigella flexneri.

Gidan da aka gina don bincike kawai

A wancan zamani Faransa tana da Cibiyar Pasteur, Jamus tana da ta Robert Koch, Amurka kuwa ba ta da irinsu. Attajirin man fetur John D. Rockefeller ya daɗe yana jin shawarar mai ba shi shawara, Frederick Gates, cewa ya kafa gidan binciken cututtuka. A Janairun 1901 jikansa ya mutu da wani zazzaɓin yara da likitoci ba su da maganinsa. A wannan shekara aka kafa Cibiyar Rockefeller ta Binciken Likitanci, da alkawarin dala 200,000. Aka ɗauko Flexner daga Jami'ar Pennsylvania, inda yake koyarwa, aka damƙa masa ɗakunan binciken. Aiki ya fara a 1904 a wani gidan haya, a 1906 aka koma mazaunin dindindin a bakin kogi, gabashin Niyok.

Tsarin da Flexner ya shimfiɗa shi ne asirin nasarar gidan. Yakan nemo mai basira duk inda yake, ya ba shi albashi da kayan aiki da mataimaka, ya sauke masa nauyin koyarwa da neman marasa lafiya masu biya, sannan ya bar shi ya bi tambayar da ta dame shi, ko da za ta ɗauki shekaru. Ta haka ya tara Alexis Carrel daga Faransa, Hideyo Noguchi daga Japan, Karl Landsteiner ɗan Ostiriya wanda ya gano rukunonin jini, da Peyton Rous. A 1910 aka buɗe asibitin cibiyar, na farko a Amurka da aka keɓe don bincike, inda ake kula da marasa lafiya kyauta.

Ruwan jinin doki

A 1904 da 1905 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Niyok. A daidai wannan lokaci, a farkon 1905, likitocin Turawan mulkin mallaka suka rubuta rahoton ɓarkewarta a Zungeru, a arewacin Najeriya. Cuta ɗaya ce, kuma ko a can ko a nan babu magani. An san ƙwayar tun 1887, lokacin da Anton Weichselbaum ya gano ta a Vienna, amma cikin mutum goma da suka kamu, bakwai ko fiye sukan mutu.

Hukumar lafiya ta Niyok ta nemi taimakon Flexner. Dabarar ita ce a riƙa yi wa doki allurar ƙwayar cutar kaɗan-kaɗan har jikinsa ya haɗa garkuwa, sannan a ɗebi jininsa a tace ruwan. Wasu sun gwada irin wannan ruwa ta ƙarƙashin fata, bai yi tasiri sosai ba. Flexner ya yi gwaji a kan birai, ya tabbatar cewa sai an zuba shi kai tsaye cikin ruwan da ke kewaye da laka, ta ƙashin baya, domin can ne ƙwayar ke ɓarna. Wani likita Bajamushe, Georg Jochmann, shi ma ya bi wannan hanya a 1906.

Daga 1907 cibiyar ta riƙa aika ruwan kyauta ga likitoci a ƙasashe dabam-dabam, da sharaɗin su dawo da bayanin kowane majinyaci. A 1913 Flexner ya wallafa sakamakon mutum kusan 1,300: waɗanda suka mutu sun kai kashi 30 cikin 100, maimakon 70 ko fiye. Cikin waɗanda aka yi wa allurar a kwana uku na farko kuwa, mutuwar ba ta kai kashi 20 ba. Wannan darasi bai tsufa ba: a sanƙarau, jinkirin zuwa asibiti shi ke kisa. Da wannan ruwa aka yi ta aiki har zuwa ƙarshen shekarun 1930, lokacin da magungunan sulfa suka zo, daga baya kuma fenisilin.

Afirka ta amfana da cibiyar ta wata fuskar. A ƙarƙashin Flexner aka haɗa maganin ciwon barci mai suna tryparsamide, kuma a 1920 likita Louise Pearce ta kai shi Leopoldville, wato Kinshasa ta yau, ta gwada shi a kan marasa lafiya. An biya farashi ma: Noguchi ya mutu a Akara, babban birnin Gana, a watan Mayun 1928, da zazzaɓin shawara da ya je bincike a kai.

Inda ya kuskure

Ba kowace hanya ce ta ɓulle masa ba. A 1909 shi da Paul Lewis suka yi nasarar ɗaukar cutar shan inna daga biri zuwa biri, abin da ya buɗe ƙofar bincike. Amma Flexner ya kafe cewa ƙwayar ta hanci take shiga ta wuce ƙwaƙwalwa, alhali ta baki take shiga ta zauna a hanji, kamar yadda masu bincike a Suwidin suka lura tun da wuri. Saboda girman sunansa, mutane da yawa suka bi shi, aka ɓata shekaru, har aka yi ta fesa wa yara magani a hanci ba tare da amfani ba. Allurar rigakafin shan inna ba ta fito ba sai 1955.

Ya yi ritaya a 1935, ya rubuta tarihin malaminsa Welch tare da ɗansa James, sannan ya rasu a Niyok ranar 2 ga Mayu 1946, yana da shekara 83.

Abin da ya bari

Shekara biyu kafin rasuwarsa, a 1944, Oswald Avery da abokan aikinsa biyu suka nuna a asibitin cibiyar cewa sinadarin DNA ne ke ɗauke da gadon halitta. A 1955 cibiyar ta karɓi ɗalibanta na farko, a 1959 ta ba da digirin digirgir na farko, a 1965 ta ɗauki sunan Jami'ar Rockefeller. Har yau ba ta ɗaukar masu neman digirin farko. Ɗalibanta ba sa biyan kuɗin makaranta, ita ce ma ke ba su alawus. Masana fiye da 20 da ke da alaƙa da ita sun samu kyautar Nobel.

Zaren sanƙarau bai tsinke ba. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana iyakokin zirin cutar a Afirka. A ƙarshen shekarun 1960 wani masanin Rockefeller, Emil Gotschlich, tare da abokan aiki a cibiyar sojan Amurka ta Walter Reed, ya haɗa rigakafi daga ɓawon ƙwayar, na nau'in A da C. Shi aka riƙa amfani da shi wajen kashe wutar annoba a Sahel, ko da yake kariyarsa ba ta daɗewa, musamman ga ƙananan yara. A kan wannan tushe aka gina MenAfriVac, wanda Nijar ta yi wa masu shekara 1 zuwa 29 tsakanin 2010 da 2011. Nau'in A ya kusa ɓacewa, sai nau'in C ya taso a 2015, ya kama mutum kimanin 8,500 a ƙasar, ya kashe fiye da 500. A 2024 Najeriya da Nijar suka fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar.

Nijar tana da nata gidan bincike, CERMES a Yamai, wanda aka kafa a 1978 domin sanƙarau da tsargiya. Can ake aika ruwan laka da ake ɗiba a asibitocin gundumomi, a gano nau'in da ke yawo, domin a san allurar da za a nema. Aiki ne irin wanda Flexner ya tsara: a ɗauki bayanin kowane majinyaci, a tara, a auna. Tarihinsa ya nuna abin da irin wannan gida yake buƙata: kuɗin da ba ya yankewa, ma'aikatan da aka ɗauke wa damuwar abinci, da lokaci. Tsakanin ruwan jinin doki na 1907 da allurar 2010 an yi shekara 103.