Tarihin Sadhu Sundar Singh, Mai Bisharar Duwatsun Himalaya (1889–1929)

A kowace shekara mukan keɓe shafi a wannan littafi namu domin tunawa da wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya, don ɗalibanmu su san irin wahalar da magabata suka sha kafin bishara ta iso ƙofar kowa. A bana mun ɗauko tarihin wani ɗan Indiya mai suna Sundar Singh. Ɗalibanmu sun saba zana duwatsun Himalaya a darasin labarin ƙasa, amma kaɗan ne suka san akwai wani Kirista da ya yi ta hawansu da ƙafa shekara da shekaru, yana bin hanyoyin da mabiya addinin Hindu ke bi zuwa tafkinsu mai tsarki. A kan wannan hanya ya ɓace, kuma har wa yau ba wanda ya san kabarinsa.

Tafkin da ake nema

Sunan tafkin Manasarobar. Yana yammacin Tibet, ƙasar da yanzu take ƙarƙashin mulkin Sin, a bayan duwatsun Himalaya. Tudun da yake kai ya kai kimanin mita 4,590 sama da teku. Don mu gane wannan tsawo, garin Jos da muke kukan sanyinsa kimanin mita 1,200 ne kawai, dutsen Chappal Waddi kuwa na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Kewayen tafkin ya kai kimanin kilomita 88, wato kusan kamar mutum ya tashi daga nan Kakau ya taka zuwa Zariya. A arewacinsa akwai dutsen Kailash mai tsawon mita 6,638, wanda dusar ƙanƙara ba ta rabuwa da kansa.

Mabiya Hindu sun gaskata cewa allahnsu Barahma ne ya fara ƙirƙiro tafkin a cikin tunaninsa, Kailash kuma mazaunin allahnsu Shiba ne. A wurinsu, wanda ya yi wanka a wannan ruwa ko ya sha shi, an wanke masa zunubansa. Mabiya Buda, da na Jain, da na Bon, tsohon addinin Tibet, su ma suna girmama wurin. Manyan koguna huɗu suna tasowa daga wannan yanki: Indus, Satlej, Barahmaputra da Karnali.

A zamanin da muke magana a kai, ba mota ba jirgi. Mai ziyara yakan yi makonni yana bin kwaruruka masu zurfi, hanya siririya a gefen dutse, kogi na ruri a can ƙasa. Sai ya haye mashigin dutse irin su Niti ko Lipulek, masu tsawon fiye da mita 5,000, waɗanda ba sa buɗewa sai na 'yan watanni idan ƙanƙara ta narke. Iskar can ba ta ƙosar da huhu, taku kaɗan sai haki da ciwon kai. Ga 'yan fashi, ga sanyi mai kashe yatsu. Da yawa sun tafi ba su komo ba. Abin da ke kai su kuwa shi ne neman a wanke musu zuciya, kuma wannan ƙishirwa ce da Sundar Singh ya sani tun yana yaro.

Yaron da ya ƙone Littafi

An haife shi ranar 3 ga Satumba, 1889, a ƙauyen Rampur kusa da Ludhiana a yankin Panjab, ƙasar da kogin Satlej ke ratsawa bayan ya gangaro daga wajen tafkin nan. Iyayensa mabiya addinin Sik ne, mahaifinsa Sher Singh mai gonaki da dukiya. Mahaifiyarsa mace ce mai ibada. Takan kai shi wurin wani sadhu, wato mutumin da ya rabu da dukiya da aure da gida domin neman Allah, kuma burinta ɗanta ya zama irinsa wata rana. An sa shi a makarantar mishan ta Amurkawa da ke ƙauyensu, inda ake karanta Sabon Alkawari kowace rana.

Yana da shekara 14 mahaifiyarsa ta rasu. Baƙin ciki ya juye ya zama fushi, ya huce a kan mishan. Ya riƙa tsokanar malamai, yana jifan masu wa'azi, har a watan Disamba na 1904 ya yayyaga Littafin ya ƙone shi a gaban abokansa. Amma zuciyarsa ba ta sami salama ba. Bayan kwana uku ya yanke shawara cewa in Allah bai bayyana masa kansa ba kafin wayewar gari, zai kwanta a kan titin jirgin ƙasan da ke wucewa da asuba. Ya yi wanka da ruwan sanyi, ya shiga addu'a. Shi da kansa ya shaida har ƙarshen ransa cewa kafin jirgin ya iso, haske ya cika ɗakin, ya ga Yesu Almasihu, wanda ya yi masa magana da harshensu. Ya tashi ya je ya gaya wa mahaifinsa cewa shi Kirista ne.

Dangi suka yi rarrashi, suka nuna masa dukiya, suka yi barazana. Da ya aske dogon gashinsa, wanda alama ce mai girma ga kowane namiji Sik, sai aka kore shi daga gida, aka kuma sa masa guba a abincin sallama. Kiristoci ne suka yi jinyarsa har ya warke. Ranar da ya cika shekara 16, wato 3 ga Satumba, 1905, aka yi masa baftisma a majami'ar St. Thomas da ke Simla. A wannan shekarar ce Likita Walter Miller na CMS ya zauna a birnin Zariya.

Ruwan rai a ƙoƙon gida

Bayan baftisma da wata guda, ya yi abin da ya ba Kiristoci da yawa mamaki. Maimakon kwat da takalmi irin na Turawa, sai ya sa doguwar riga mai launin ruwan goro da rawani, irin tufafin sadhu, ya fita ba takalmi, ba kuɗi, sai bargo da Sabon Alkawari na harshen Urdu. Ta haka burin mahaifiyarsa ya cika, amma a cikin Almasihu.

Yakan bayyana dalilinsa da wani abu da ya gani a tashar jirgin ƙasa. Zafi ya sumar da wani mutum mai babban matsayi a addinin Hindu, aka kawo masa ruwa a kofin baƙo, ya ƙi sha. Da aka zuba ruwan a ƙoƙonsa na tagulla, sai ya karɓa ya sha, ya farfaɗo. Sundar Singh ya ga cewa haka mutanen ƙasarsa suke: ba ruwan rai suke ƙi ba, kofin da aka miƙo shi a ciki ne baƙo a gare su. Ya yi hidima a asibitin kutare na Sabathu. A ƙarshen 1909 ya shiga makarantar tauhidi ta St. John a Lahor, amma bai kai shekara ba ya fita. Ya kuma mayar wa bishop takardar izinin wa'azi, domin za ta tsare shi a yanki guda, alhali zuciyarsa tana bayan duwatsu.

Hanyar Tibet

Tun 1908 ya fara nufar Tibet, ƙasar da a lokacin ta rufe ƙofarta ga baƙi da masu bishara. Ya bi hanyar da ta tashi daga Simla ta bi kwarin Satlej zuwa garin Pu, inda 'yan mishan na Morabiya suka taimake shi da harshe da mai fassara. Daga nan ya mai da ita al'ada: da damina ta ƙasarsu ta gabato, ƙanƙara ta narke, sai ya hau duwatsu; da sanyi ya shigo, sai ya sauko ya yi wa'azi a garuruwan Indiya. Yakan kwana a kogo ko a rumfar dabbobi. Wani ƙauye a ba shi abinci, wani a kore shi da duwatsu. Ƙafafunsa sukan tsage har jini ya bi sawunsa, shi ya sa Kiristocin arewacin Indiya suka yi masa laƙabi da manzo mai ƙafafun jini. A 1914 ya shiga Nepal, aka kama shi a garin Ilam saboda wa'azi, ya kuma ba da labarin cewa an ɗaure shi aka zuba masa matsattsaku a jiki.

A kan hanya yakan yi tafiya tare da masu ziyarar tafkin, ya ci abin da suke ci, ya ji sanyin da suke ji. Bai raina su ba, domin shi ma ya taɓa neman wankan zuciya har ya kusa hallaka kansa. Saƙonsa gare su shi ne, abin da suke hawa duwatsu suna nema, Almasihu ya riga ya sauko da shi. Cikin labaran da yakan bayar akwai na ranar da shi da wani abokin tafiya suka tarar da mutum kwance cikin ƙanƙara. Abokin ya wuce don ya ceci ransa. Sundar Singh ya goya mutumin, ɗumin jikinsu ya raya su duka biyu, a gaba kuma suka tarar da abokin sanyi ya kashe shi.

Tsohon Kailash

A nan dole mu yi wa ɗalibanmu gaskiya. Sundar Singh ya ce a 1912, a yankin Kailash kusa da tafkin, santsi ya kwashe shi ya faɗi a bakin wani kogo, inda ya sadu da wani tsoho Kirista mai zaman kaɗaici, haifaffen Iskandariya ta Masar, wanda ya haura shekara 300 yana yi wa duniya addu'a. Ya kuma ce a wani gari na Tibet an jefa shi a rijiyar gawarwaki, bayan kwana uku aka fid da shi ta hanyar al'ajibi. Ba wani mutum da ya ga wannan tsoho in ban da shi. Tun yana raye wani limamin Katolika, Henri Hosten, da wani fasto ɗan Suwizalan, Oskar Pfister, suka yi rubutu suna ƙaryata waɗannan labarai, har suna shakkar yawan shigarsa Tibet. Shehun malami Friedrich Heiler na Jamus ya kare shi. Wasu abokansa suna ganin mutum ne mai yawan azumi da wahayi, wanda wani lokaci ba ya raba abin da ya gani a ruhu da abin da ya gani da ido.

Mu dai ba za mu gina bangaskiyar yaranmu a kan tsohon kogo ba. Abin da mutane da yawa suka shaida ya ishe mu: ya bar gādo, ya wanke gyambon kutare, ya taka duwatsu ba takalmi, bai yi wa masu zaginsa ramuwa ba.

Tafiya ta ƙarshe

Sunansa ya bazu. A 1918 da 1919 ya yi wa'azi a kudancin Indiya, Silon, Bama, Sin da Japan. A 1920 ya je Ingila, Amurka da Ostareliya, kuma mahaifinsa, wanda ya kore shi a dā, shi ne ya biya kuɗin jirgi, domin shi ma ya karɓi Almasihu kafin rasuwarsa a 1923. A 1922 ya ziyarci Ƙasa Mai Tsarki da ƙasashen Turai. Abin da ya gani a can na son abin duniya ya ɓata masa rai, bai kuwa ɓoye musu ba.

Daga nan lafiyarsa ta raunana, ga ciwon zuciya, ga ido ɗaya ya lalace. Ya zauna a Sabathu yana rubuta littattafai. A 1927 ya gwada hawa, ciwo ya dawo da shi. Duk da gargaɗin abokai, ranar 18 ga Afrilu, 1929, ya sake ɗaukar bargonsa ya nufi Tibet ta hanyar masu ziyara. Yana da shekara 39. Aka bi sawu har kusa da kan iyaka, ba a sami labarinsa ba. A 1933 hukuma ta ɗauka cewa ya rasu. Ikkilisiyar Ingila tana tunawa da shi ranar 19 ga Yuni.

Abin da ya rage gare mu

A shekarar da ya ɓace, aka gina majami'ar St. Bartholomew a Wusasa da jar ƙasa, irin ginin Hausawa. A 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Wannan shi ne ƙoƙonmu na gida. Don haka ɗalibin da ke jin kunyar yin addu'a da Hausa, ko Gbagyi, ko Bajju, ko Atyap, yana ganin sai da Turanci Allah ke ji, to, bai fahimci darasin nan ba.

Na biyu, a ikkilisiyoyinmu akwai waɗanda danginsu suka juya musu baya saboda bangaskiya. Da Kiristocin da suka yi jinyar yaron nan sun rufe ƙofa, da ba mu da tarihin da za mu rubuta. Su kuma waɗanda aka kora, su tuna cewa uban da ya kori Sundar Singh ya dawo daga baya.

Na uku, muna zaune a Kaduna, inda kogi ya raba gari, tsoro kuma ya raba maƙwabta. Sundar Singh bai tsaya daga nesa yana zagin masu zuwa tafki ba. Ya bi hanyarsu, ya kwana inda suka kwana, ya goyi wanda ya faɗi bai tambayi addininsa ba. Ku da kuke barin wannan makaranta a bana, ba a ce ku hau Himalaya ba. Amma akwai gada da za ku tsallaka, akwai ƙauyukan da ba malami, akwai asibitocin da ba mai jinya. Ubangiji ya ba ku ƙafafun zuwa da zuciyar hidima. Amin.