Georg Simon Ohm: Ɗan maƙerin da ya auna turjiyar wutar lantarki

Shi dai Georg Simon Ohm an haife shi ne a ranar 16 ga watan Maris na shekara ta 1789 a garin Erlangen da ke kudancin Jamus. Mahaifinsa maƙerin kwaɗuna ne wanda bai yi karatun jami'a ba, amma ya koya wa kansa lissafi, kana ya koyar da 'ya'yansa biyu, Georg da Martin. Shi ma Martin ɗin daga baya ya zama farfesan lissafi a Berlin.

A shekara ta 1805 Ohm ya shiga jami'ar Erlangen, sai dai raye-raye da wasanni sun ɗauke masa hankali, abin da ya fusata mahaifinsa har ya tura shi ƙasar Suwizalan, inda ya kama koyarwa. Sai a 1811 ya samu digirin digirgir.

A birnin Kolon ne, inda ya fara koyarwa a wata makarantar sakandare a 1817, ya samu ɗakin gwaji mai kayan aiki. Baturan wancan zamani ƙarfinsu ba ya tsayawa wuri guda, saboda haka ya koma ga haɗa ƙarafa biyu mabambanta, ya sa ɓangare ɗaya cikin tafasasshen ruwa, ɗayan kuma cikin ƙanƙara. Da haka ya samu wuta mai daidaito, ya riƙa canza tsawon waya yana aunawa.

Abin da ya gano shi ne, yawan wutar da ke gudana a waya yana ƙaruwa daidai da ƙarfin da ke tunkuɗa ta, yana kuma raguwa gwargwadon turjiyar wayar. Ke nan idan aka raba ƙarfin tunkuɗar da yawan wutar, sai a samu turjiya. Alal misali, dutsen guga da ke jan amfiya 5 a kan bolt 230, turjiyarsa om 46 ce. In kuwa aka ninka 230 sau 5, za a ga yana cin wat 1,150. Da irin wannan lissafi ne mai haɗa wuta ke sanin kaurin wayar da ba za ta yi zafi ta haddasa gobara ba.

Ohm ya wallafa littafinsa a Berlin a 1827, amma malaman kimiyyar Jamus da dama suka yi masa riƙon sakainar kashi, domin ba su saba ganin an cika bayanin lantarki da lissafi ba. Ya ajiye aikinsa na Kolon, ya shafe shekaru yana koyarwa a Berlin a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kafin ya samu muƙami a Nuremberg a 1833.

Daga bisani an karrama shi daga ƙetare. A 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley. Kujerar farfesan da ya daɗe yana nema kuwa, sai a 1852 ya same ta a jami'ar Munich, shekaru biyu kacal kafin mutuwarsa a ranar 6 ga watan Yuli na 1854. A taron masana lantarki na Paris a 1881 ne aka amince da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya a duniya.